Bawul ɗin Ɗakin Gaba

A Ballarat, inda sanyi ke shigowa a watan Afrilu, zafi kuma a Janairu, duk wanda ya kunna ɗumin gida kafin ranar Anzac rago ne. Haka Merv Trethowan ya yi ta faɗa shekara arba'in da shida, ko da kuwa haƙoran matarsa Glenys sun fara kaɗawa tun farkon Afrilu. Sai ranar ashirin da biyar ga wata, idan ya dawo daga taron tunawa da sojoji na asuba, zai tuɓe kwat, ya durƙusa gaban tukunyar gas a ɗakin wanki, ya kunna ta. Daga nan ya bi ɗakuna da ɗan makullin tagulla da tsumma, yana sakin iskar da ta taru a ƙarafan ɗumi na jikin bango, har sai kowanne ya tofo masa ruwa. Idan ya gama ya koma ɗakin wanki, ya yi ɗan rubutunsa da fensir a bango, sannan ya nemi shayi.

Bana Merv ba ya nan. An binne shi a watan Janairu, rana tana dukan mutane a maƙabarta.

Ranar Anzac Glenys ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna gaban tukunyar, don ƙugunta ba ya barinta durƙuso. Ta danna maɓallin kamar yadda ta sha ganin yana yi, ta ƙirga talatin, ta saki. Wuta ta kama. Ta ji famfon da ke tura ruwa ya yi gurnani ya tashi, bututu ya fara ƙas-ƙas a ƙarƙashin daɓe. Ta juya za ta ce, ka gani, ashe ba wani aikin a zo a gani ba ne, sai ta tuna babu wanda za ta faɗa wa.

Abu ɗaya ta yi wanda Merv ya yi shekaru bai yi ba. Ta buɗe ɗumin ɗakin gaba.

Ɗakin gaba shi ne ɗakinsa. Shekara goma sha huɗu da suka wuce, bayan an yi mata aiki a ƙugu, barci ya ƙaurace mata, shi kuma ga minshari kamar motar tipa. Wata safiya ta ce masa, "Merv, kwashe kayanka ka koma ɗakin gaba, ka je can ka yi wa titi minshari." Ya naɗe bargonsa ya tafi. Ta ɗauka na sati biyu ne. Shi bai dawo ba, ita kuma ba ta kira shi ba, don dukansu biyu taurin kai ne da su.

Ɗakin nan kuwa sanyi ne da shi na fitar hankali. Bawul ɗin ƙarfen ɗuminsa, wato abin da ake murɗawa ruwan zafi ya shiga, ba shi da kai, sai tsinin ƙarfe tsirara, babu abin da mutum zai kama ya murɗa. Duk lokacin da ta yi magana sai ya ce kan ya karye, kuma shi dama ba ya son zafi, ɗakinta ma kamar gidan burodi yake. Hular ulu yake kwana da ita, da safa biyu a kowace ƙafa. Babu sunan da ba ta kira shi ba a kan haka. Ta ce masa marowaci, ta ce masa ƙadangaren firji. A ranta kuwa ta yanke cewa ya fi son sanyin da zama kusa da ita, abin ya ci mata rai shekara da shekaru, ba ta taɓa furtawa ba.

A watan Maris, tana kwashe kayansa, sai ga kan bawul ɗin a cikin akwatin tabar mahaifinsa, naɗe a hankici, lafiyarsa ƙalau, ko tsagewa babu. Ta riƙe shi a hannu ta ce a fili, "Ji maƙaryacin tsoho!" Ranar Anzac ta zura shi a tsinin, ta sa hannu biyu ta murɗa har ƙarshe. Kafin ta gama dafa shayi ɗakin ya yi ɗumi. Tun daga ranar a nan take wuni, a kujerarsa, da rediyonsa a kunne, ita da hotonsa na kamun kifi.

Sai ɗakinta na baya ya mutu. Ƙarfen ɗuminsa ya koma sanyi ƙalau, tun daga sama har ƙasa.

Da ba don Raelene ba, da Glenys ta ƙara bargo ta yi shiru abinta. Raelene ita ce 'yarsu tilo, tana aure a Townsville, can arewa inda ba su san rigar sanyi ba. Bara da ciwon haƙarƙari ya kwantar da Glenys sati uku a asibiti, likita ya ce kada ɗakin barcinta ya sauka ƙasa da awo goma sha takwas. Raelene ta zo ta manna wani ɗan farin ma'aunin zafi a bango sama da gadon, wanda yake aika mata lamba a waya dare da rana. Glenys ba ta kiransa da komai sai ɗan gulma.

Ranar Litinin da safe waya ta yi ƙara.

"Mama, tara! Awo tara nake gani. Kashe kanki za ki yi?"

"Na'urarki ce ta lalace. Ni lafiyata lau."

"Ga tari nan ina ji a muryarki. Mama, na gama magana. Idan zuwa Juma'a lambar nan ba ta kai sha takwas ba, ranar Asabar ina jirgi, kuma tare za mu dawo. Ɗakin da ke can baya a gidanmu yana nan a gyare, har labule na sa."

"Wa zai kai wa babanki furanni?"

"Baba ya rasu, Mama. Ke ce kike da rai."

Glenys ta ajiye waya ta zauna. Ta san ɗakin nan, ta taɓa kwana biyar a ciki. Fanka a sama, ƙofa tana kallon shara, jikoki sun fita makaranta, iyayensu sun fita aiki, ba ta san kowa a layin ba. A nan ma ita kaɗai ce, gaskiya ne, amma a nan ta san ƙarar kowane katako. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba ko ranar jana'iza.

Kamar tukunyar ta ji labari, ranar Talata ita ma ta fara nata iskancin. 'Yar wutar nan ƙarama da ke ci kullum a cikinta, wadda take kunna babbar, ta mutu sau uku kafin azahar. Glenys ta buɗe littafin waya na coci, ta nemo mai gyaran gas.

Charlie Vella ya iso ranar Laraba da ƙarfe biyu na rana. Mutum ne mai shekara sittin da ɗoriya, ga tumbi, ga gwiwa mai ƙara, yana tafe yana nishi kamar shi aka kira a gyara. Ya tsaya a ƙofar ɗakin wanki ya riƙe ƙugu.

"Kai! Misis, wannan ai ta girme ni. Wa yake duba miki ita?"

"Mijina. A garejin jirgin ƙasa ya yi aiki. Bai taɓa barin kowa ya taɓa ta ba."

"Ina yake, in gaishe shi? Mutumin da ya riƙe wannan kakar da rai ya cancanci lambar yabo."

"Yana maƙabarta."

Charlie ya cire hularsa ya sosa ƙeya. "Bakina ke nan. Ki yi haƙuri, Misis."

"Bar haƙuri, ka yi aiki. Zuwa Juma'a nake son ɗakina ya yi zafi, in ba haka ba 'yata za ta kwashe ni kamar tsohuwar katifa."

Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara, ya cire murfin gaba. Ya haska ciki ya yi tsaki. Ya nuna mata wata siririyar wayar tagulla da kanta ke cikin harshen 'yar wutar. Ya ce ita ce take jin zafi ta gaya wa tukunya wuta na nan, a ci gaba da sakin gas. Kanta ya cinye, shi ya sa tukunyar take ɗauka wuta ta mutu, ta rufe gas. Ya je mota ya ɗauko sabuwa, cikin minti goma ya sauya. Ya goge bakin wutar da ɗan burushi, harshenta ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma shuɗi.

Daga nan ya ƙwanƙwasa agogon ruwa da farce. Allurar tana kwance a ƙasa. Ya buɗe wani ɗan famfo ya ƙara ruwa har ta hau. Ya fito da na'urar gwajin hayaƙi mai guba ya zagaya da ita, ya duba bututun hayaƙi, ya ce, "Wannan kam lafiya. Da ta yi kuka, da yanzu na yanke miki gas, ko za ki tsine mini."

"Da na tsine maka kuwa."

"Na sani. Daga ganin idonki."

Ta ji dariya ta taso mata, har ta ba ta mamaki. Rabon da wani ya tsokane ta a gidan nan tun watan Janairu. Ta shiga kicin ta ɗora ruwan shayi, ta fito da biskit ɗin Anzac da ta toya faranti guda makon jiya, ta manta babu mai ci.

Tukunya ta tashi da ƙarfinta. Charlie ya bi ɗakuna yana dafa ƙarafan. Falo ɗumi-ɗumi. Kicin ba laifi. Ɗakin gaba kuwa yana dafawa ya janye hannu ya yarfe. Ɗakin baya ya saki iska, ruwa baƙi ƙirin ya fito, ya jira, ya sake dafawa. Sanyi.

Ya koma ɗakin wanki ya kara sukundireba a jikin famfon tura ruwa, ya kara kunnensa a ƙotar, ya daɗe yana saurare. Sai idonsa ya kai kan bango. Ya gyara tabarau, ya matsa, ya yi ta dubawa har Glenys ta gaji.

"Karatu na kira ka ka yi?"

"Misis, kin taɓa karanta wannan?"

"Kwanan wata ne. Kowace shekara sai ya ɓata mini fenti."

Ya miƙe ya nufi ɗakin gaba, ya tsuguna gaban bawul ɗin. Ya shafa kan, mai tsabta kamar sabo, ya shafa tsinin da ke ƙarƙashinsa, duk ya yi kore.

"Yaushe aka buɗe wannan?"

"Ranar Anzac. Ni na buɗe."

"Ɗakinki kuma yaushe ya yi sanyi?"

Sai a lokacin ta lura, tun daga ranar ne.

Charlie ya zauna a bakin gadon Merv ba tare da neman izini ba, ya karɓi shayin daga hannunta. Ya ce, "Bari in gaya miki yadda abin yake. Ruwan zafi malalaci ne, hanya mafi kusa yake bi. Ɗakin nan shi ne na farko daga tukunya, bango ɗaya ne tsakaninsu. Naki shi ne na ƙarshe, can ƙarshen bututu. Lokacin da famfon nan yake saurayi yana iya tura ruwa ko'ina. Yanzu ya tsufa, bututun kuma duk tsatsa da laka sun cushe shi, hanyar da ta rage ba ta fi fensir ba. Idan nan a buɗe yake, ruwa zai shigo ya zagaya ya koma, ba zai wahalar da kansa zuwa wajenki ba. Ɗaki ɗaya tukunyar za ta iya a cikin biyun nan, ba ta iya biyu."

"Tun yaushe?"

"Zo ki gani da idonki."

Ta bi shi. Ya riƙe mata tocila, ta zauna a 'yar kujera ta matso da fuskarta. Rubutun Merv ne, ƙanana, a jere tun daga tsayin kafaɗa har ƙasa. Na sama duk kwanan wata ne, jefi-jefi da 'yar magana, an sauya waya, an ƙara ruwa. Sai ta zo kan shekarar da aka yi mata aiki. A nan akwai layi biyu. Na ranar Anzac, sai wani na watan Yuni a ƙarƙashinsa: G tana jin sanyi. Na rufe gaba. Baya ya yi zafi.

Shekara ta gaba: Gaba a rufe. Ta gaba: Gaba a rufe. Haka har sau goma sha uku. A na bara hannun ya yi rawa, fensirin ya zame.

Ta tuna watan Yunin. Ta tuna ta tashi da safe ƙugunta kamar an soka mata ƙusa, ta same shi a kicin ta wanke shi tas, ta ce shi yana can ɗakin gaba yana gasuwa, ita ya bar ta a kabari. Da yamma ɗakinta ya yi ɗumi. Ya ce iska ce ta taru, ya saki. Ko sannu ba ta ce masa ba.

"Me ya hana shi faɗa?"

"Ni ban san shi ba, Misis. Amma da ya faɗa, za ki bar shi a rufe?"

Ba za ta bari ba. Da ta murɗe shi don ƙeta ma, ta kwana cikin sanyi, don kada a ce ya yi mata alfarma. Ya san haka sarai, shi ya sa ya cire kan ya ɓoye. Kuma da ya faɗa, ai maganin a fili yake: ta ce ya dawo ɗaki. Shi ba zai roƙa ba, ita ba ta tambaya ba. Baƙin ciki ya kama ta, da haushi, ta rasa na wa ya fi yawa a cikinsu.

"Ba za ka iya gyarawa duka biyun su yi ba?"

"Sai an wanke bututun, a sa sabon famfo. Amma bututu mai wannan shekaru, tsatsar ce take riƙe da shi. Ina wankewa zai iya yoyo a ƙarƙashin daɓe, a tsakiyar sanyi, ki rasa duka. Idan zafi ya shigo, sai mu yi a tsanake. Na bana dai, abin da maigidanki ya yi shi ne daidai. Ni da takardar shaidata ban da abin da zan ƙara a kai."

"Ko rabi ba za a bari ba?"

"Na gwada a raina. Ko kwata aka bari, ba za ki ga sha takwas ba." Ya miƙe yana nishi. "In rufe?"

"A'a. Je ka. Zan rufe."

Ya dube ta, bai yi gardama ba. Ya haɗa kayansa, ta cusa masa biskit a jakar takarda. A bakin ƙofa ya ce ta kira shi idan wutar ta sake mutuwa, ko ma ba ta mutu ba, in dai akwai biskit. Motarsa ta tashi, gidan ya koma yadda yake.

Ƙarfe huɗu ta yi, rana ta fara ja a kan rufin maƙwabta. Glenys ta shiga ɗakin gaba ta tsaya. Ɗakin yana da daɗi. Nan ne kaɗai wurin da take jin kamar akwai wani a gidan. Ta yi tunanin ta ɓamɓaro ɗan gulma ta manna shi a nan, ta dawo da gadonta, amma Raelene ta riga ta gaya mata yana kai ƙara idan an cire shi daga bango. Kuma gadon asibitin da aka kafa mata a ɗakin baya, mai ƙarfen kamawa, ba ya shiga ta ƙofar nan.

Ta dafa gado ta sauka a hankali har ta kai ƙasa, ƙugunta yana ihu. Ta kama kan bawul ɗin da hannu biyu ta murɗa. Yana da tauri. Ta ci gaba har ya tsaya. Ta ji ruwan ya yi 'yar ƙara a ciki, ya yi shiru. Ta zare kan, ta naɗe shi a hankicinsa, ta mayar cikin akwatin taba.

Ta lallaɓa zuwa ɗakin wanki. Fensirinsa yana nan a saman tukunya, ya tauna gindinsa. Ta sunkuya ƙarƙashin layin bara ta rubuta kwanan wata, ta rubuta: Gaba a rufe.

Kafin ƙarfe shida ƙarfen ɗakin baya ya yi zafin da ba a iya dafawa. Waya ta yi ƙara a kicin.

"Mama! Sha bakwai, yana hawa! Me mutumin ya yi?"

"Ba komai. Babanki ne ya riga ya gyara."

"Me kika ce?"

"Na ce ki cire labulenki. Ba inda za ni."

Ta ajiye. Ba ta tafi ɗakin da ya yi ɗumi ba. Ta koma ɗakin gaba ta zauna a kujerarsa, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen, tana jin zafin yana janyewa kaɗan-kaɗan, daga ƙasa zuwa sama. Sanyi ya fara shigowa ta ƙarƙashin taga, ya kama mata idon sawu. Tana son ta san iyakarsa. Da ya kai ga kunnenta, ta miƙa hannu ƙarƙashin matashinsa, inda ta san yana ajiye ta, ta jawo hular ulun nan da ta yi shekara goma sha huɗu tana yi wa dariya, ta sa a kanta.